Ranar da Aka Auna Pogbi

Motar masu awo ta iso Bilzugu ana sharar gona, ruwan farko bai riga ya sauka ba. Aka ajiye sikeli a gindin tsamiyar ƙofar gidan Yamba, aka jingina katakon awon tsayi a jikin bishiyar, aka ce kowane babba ya fito, namiji da mace. Wannan karon ba yara ake nema ba. Manya ake so a ga abin da suke ci, da abin da ya rage a jikinsu.

Nobila ne tafinta. Shekarun da ya yi yana fasa 'ya'yan koko a gonakin ƙasar Kwaddibuwa ba su bar masa komai ba sai Faransanci da tabon adda a gwiwa. Shugabar masu awon, Madam Pare, 'yar ƙabilar Samo ce, ba ta jin yaren Mosi, mutanen ƙauyen, sai gaisuwa da zagi. Su biyun kuma sun ishe ta, don tsakanin Samo da Mosi akwai wasa. Duk abin da ta faɗa wa mutumin Mosi, komai furfurarsa, dariya zai yi ya rama.

"Ina bayina?" ta ce tana saukowa daga mota. "Ku fito, uwargijiyarku ta zo."

"Kuyangarmu dai ta zo," in ji Yamba, maigidan, ƙanen mahaifin Nobila. "A miƙa mata tsintsiya."

Aka yi dariya, aka fara aiki. Mutum ya cire takalmi ya hau sikeli, ya tsaya jikin katako, sannan ya zauna gaban Nobila ya faɗi duk abin da ya shiga bakinsa jiya, daga tashi har kwanciya. Madam tana da tsakuwoyi a gwangwani. Kowane irin abinci tsakuwa ɗaya: hatsi ɗaya, ganye ɗaya, wake ko gyaɗa ɗaya, nama ko kifi, nono, 'ya'yan itace. Sai ta jera su kan tebur, wanda bai yi karatu ba ma ya ga rabonsa.

Amsar kusan ɗaya ce. Tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa. Da safe ɗumame. Da rana ruwan tuwo.

"Nama fa?" Nobila ya tambayi Yamba.

"Ka ga an yi mutuwa a gidan nan da za a yanka dabba?"

"Wake?"

"Kai ɗan gidan wa ne da kake tambayata wake kafin shuka?"

"Burkutu fa?" in ji Madam. Wannan kalmar ta iya ta.

"Ƙwarya biyu. Ki sa min tsakuwa biyu."

"Dawa ce ta sake shiga da wata riga. Ba ka da ko ɗaya."

Yamba ya tashi da tsakuwa biyu, sikeli ya ce bai kai nauyin da ya dace da tsayinsa ba. Haka matarsa Talato, haka ƙaramin ɗansa Sibiri, wanda ya dawo daga ramin zinariya da rediyo da baki. Da aka zo kan Tinga, babban ɗan Yamba, sai Madam ta daina wasa. Tun sanyi yake tari. Wandonsa da igiya aka ɗaure shi, igiyar ta zagaya kusan sau biyu. Ta rubuta masa takarda, ta ce a kai shi asibitin gari a duba majinarsa, kada a jira shuka.

Pogbi, uwar Nobila, ita ce ta ƙarshe. Da mijinta ya rasu al'ada ta miƙa ta ga Yamba, ta ce ta gode, ba ta so. Tun daga ranar Yamba ya daina auna mata hatsi daga babban rumbu. Ta koma ɗakinta na can ƙarshen gida, ta rayu da gayaunarta da abin da daji ya bayar.

"Inna, me kika ci jiya?"

"Kai ba ka sani ba ko? Da yake ba ka leƙo ba."

"Aiki nake yi, Inna. Faɗa mini."

Ta lissafa tana kallon gefe. Kunun gero da garin ɗorawa. Kwaɗon zogale da ƙuli. Gujjiya 'yar kaɗan da ta rage. Miyar kuka da daddawa da kan busasshen kifi. Kaɗanya uku da ta tsinto. Nono rabin ludayi, wata Bafillatana ta ba ta musayar daddawa.

Tsakuwoyi suka yi layi. Ta hau sikeli, Madam ta duba, ta sake dubawa, ta tafa hannu.

"Ku matso, bayina, ku ga abin kunya!" Ta kama hannun tsohuwar ta ɗaga. "Ga maza masu rumbu, duk kun bushe kamar karan dawa. Gida guda, rijiya guda, amma tsohuwar nan kaɗai ce jikinta ya cika. Ku kuna ƙarewa, ita tana ƙaruwa. Nobila, fassara."

Nobila ya dubi Tinga da ke zaune jingine da tsamiya yana tari cikin tsumma.

"Ta ce ganye yana da amfani," ya ce. "Ta ce a riƙa cin ganye."

"Ƙarya kake yi," in ji Sibiri. "Ba kai kaɗai ka je yawo ba." Ya juya ga jama'a, ya maida maganar Madam kalma bayan kalma, bai rage ba, bai ƙara ba. Ba ya bukatar ƙari.

Ba wanda ya yi dariya. Madam tana nan da hannun Pogbi a sama, tana jiran wanda zai rama.

"Mun ji," in ji Talato, uwar Tinga. "Mun daɗe muna gani da ido. Yau ƙarfe ma ya faɗa."

Nobila ya bi Madam har mota.

"Ki koma ki ce kin yi kuskure. Ki ce sikelin ne ya lalace."

"Sikelina lafiyarsa lau. Yabonta na yi."

"Kin san abin da ake kiran tsohuwar da take ƙiba ɗan gida yana ramewa?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "Kai da ka fita ka ga duniya, kai ma da wannan maganar? Tarin fuka ne da shi. Ku kai shi asibiti. Ina da ƙauyuka a gabana, bayan kaka zan dawo in sake auna kowa." Ta rufe ƙofa.

Ba a furta kalmar a gabansa ba, ba a kuma ɓoye ta ba. A rijiya mata suka riƙa janye gugansu in Pogbi ta zo. Aka daina ɗiban wuta a murhunta. Gyaɗar da ta ba wata maijego, da safe ta same ta a watse a ƙofar ɗakinta. Matar Nobila ta hana 'ya'yanta zuwa can ƙarshen gida, da ya yi magana ta ce shi ma ya rage zuwa.

Nobila ya san yadda abin yake ƙarewa. Yana saurayi ya ga an yi wa wata. In Tinga ya mutu, maza biyu za su ɗauki makara a ka, a tambayi gawa wa ya ci kurwarta, makara ta ja su har ƙofar da kowa ya riga ya sani. Daga nan a cinna wa ɗaki wuta, tsohuwa ta kama hanya, ba mai raka ta.

Ya ga abu biyu ne a gabansa. Kada Tinga ya mutu. Kuma kafin motar ta dawo, uwarsa ta zama kamar kowa.

Na farko ya yi shi da amalanken jaki. Ya kai Tinga asibiti, Talato tana binsu da harara har bakin gari, wai ɗan mayya zai ƙarasa aikin uwarsa a hanya. Aka duba majina, aka ba Tinga ƙwayoyi na watanni, da buhun garin masara da waken soya, da galan ɗin mai.

Na biyu ya fi wuya. Ya sami Pogbi tana shanya ganyen rama.

"Inna, daga yau tuwo za ki riƙa ci. Daga tukunyar gidana. Shi kaɗai."

"Wa ya mutu ya bar maka ni?"

"Kin san abin da ake faɗa."

"Na sani tun kafin a haife ka. Duk wadda ta ƙi mijin gado mayya ce, ana jiran gawa ne kawai."

"To ga gawar can tana tari. In motar ta dawo sikeli ya nuna kin rame kamar kowa, bakinsu ya mutu."

Ta ci gaba da baza ganye. "Baffanka ya rufe min rumbu, ban mutu ba. Kai ne za ka ƙarasa masa?"

"Ɗakinki nake so ki mutu a ciki, ba a bakin titi ba."

"Kai dai kana so in mutu. Wurin ne kawai kake zaɓa."

Nobila ya shiga ɗakinta ya fito da tukunyar daddawa, da buhun busasshen ganye, da gyaɗa, da gujjiya, da 'yan kifayen da ke rataye a saman murhu. Da rana tsaka ya yi, don a gani. Ya kwashe su ya zube gaban Yamba, ya ce a raba wa gida. Yamba ya taɓa buhun da ƙafa.

"Ka kai wa awaki," ya ce. "In za su ci."

Damina ta kankama. Tafasa ta tsiro har bakin ƙofar Pogbi, yakuwa ta yi ja a gayaunarta, ba ta tsinka ba. Safe da yamma Nobila yana kawo malmala guda da miya a gefe, ya tsaya har ta ci, ya ɗauki kwano. Ba ta yi masa sannu, shi ma ya daina jira. Sau ɗaya ya kama ta a bayan ɗaki tana tsotsar kaɗanya. Ya ɗaga mata murya kamar wadda ya haifa. Ta tofar da ƙwallon a kan ƙafarsa, ta shige ɗaki.

Zanenta ya fara zamewa. Wuyanta ya yi rami. Bakinta ya tsage ta gefe biyu, ta daina zuwa rijiya don tulu ya fi ƙarfinta. Nobila yana ganin haka yana jin sanyi a ransa, ya kuma san abin da yake ji ɗin, bai tsaya dubansa ba. A ɗaya ɓangaren gidan tarin Tinga ya lafa. Kafin dawa ta fitar da kai ya fara fita gona. Da aka zo girbi har dami ya ɗauka.

Ranar da motar ta dawo, Nobila ya sa sabuwar riga.

"Bayina sun ci sun ƙoshi?" in ji Madam. Ba wanda ya rama sai Yamba, shi ma a taƙaice.

Aka jera kamar da. Sibiri ya tsaya daidai kan sikelin, hannu a baya, yana karanta wa jama'a lamba kafin ma'aikaci ya rubuta. Kowa ya ɗan ƙaru, kaka ce. Tinga ya hau.

"Ya ƙaru kilo shida!" in ji Sibiri, bayan ya tambayi na da. Madam ta dafa kafaɗar Tinga, ta ce kada ya kuskura ya daina shan magani.

Sai aka kira Pogbi. Ta taho da sanda. Nobila ya miƙa hannu zai taimake ta hawa, ta buge hannun.

Madam ta duba lambar, ta duba fuskar tsohuwar, ta ja leɓenta na ƙasa ta duba dasashi. "Me kika ci jiya, Iya?"

"Tuwo."

"Sai me?"

"Tambayi wanda ya kawo."

Tsakuwa ɗaya Madam ta ajiye, ta riƙe ta biyu a hannu ba ta san ko miyar ta isa a ƙirga ba. Ta juyo kan Nobila da Faransanci, murya ƙasa-ƙasa. "Me ka yi wa tsohuwata? Kilo takwas ta ragu! A shekarunta, ka san abin da wannan yake nufi?"

Nobila bai damu da ita ba. Jama'a ya juya ya fuskanta.

"Kun gani," ya ce. "Ga ta nan, ta fi kowa ramewa. Ganye ne da gyaɗa, na ɗauke su, ga abin da ya rage. Wanda yake da magana yanzu ya faɗa."

Sai Talato ta rangaɗa guɗa.

"Ta sake shi! Wallahi ta sake min ɗa!" Ta kama Tinga tana jijjigawa. "Ranar da aka kama ta ta fara amayarwa. Ita tana sauka, shi yana hawa. Ku duba da idonku!"

"Takwas ta zubar, shida ya karɓa," in ji Sibiri. "Inna Pogbi, sauran biyun fa? Na wa ne?"

Wasu suka yi dariya. Wata mata ta janye goyonta zuwa gaba.

Nobila ya buɗe baki. Ya ce asibiti, ya ce ƙwayoyi, ya ce shi da kansa ya ja amalanke. Ya nuna Tinga, ya ce ya faɗa musu. Tinga ya sunkuyar da kai yana murza yatsun ƙafa a ƙasa.

"Magani na sha," ya ce. "Amma sai da ta fara ramewa na ji yana aiki."

Madam ta gane daga fuskoki. Ta matso gaba ta ce a fassara mata, za ta yi bayani, ƙwayar cuta ce, ana ganinta da madubin asibiti.

"Kuyanga," in ji Yamba, "wasa ya ƙare. Wannan maganar gida ce. Ɗauki ƙarfenki."

Ya zauna kan kujerarsa, ya bar mutane suka yi shiru.

"Matar wana ce. Ba a mutu ba, don haka ba za a ƙona ɗaki ba. Ta zauna." Ya ɗaga yatsa. "Amma daga yau a tukunyar Talato za ta ci, abin da Talato ta zuba mata. Gayaunar ta dawo cikin gonar gida. Sikelin auduga yana ɗakin ajiya, duk ranar kasuwa ta hau, Sibiri ya karanta. Ranar da ta ƙaru, mu duba wanda ya ragu."

Nobila ya ji gwiwoyinsa sun kai ƙasa kafin ya yi shawara da su. Ɗakin yana nan, ba wuta, ba makara. Abin da ya nema ke nan tun farkon damina.

"Mun gode, Baffa. Allah ya ƙara girma. Mun yarda."

"Ku wa?"

Pogbi ce. Tana tsaye kan sandarta, ba ta ɗaga murya ba.

"Kai da wa kuka yarda? Tashi, kana ɓata sabuwar riga." Ta dubi Yamba. "Na ƙi shimfiɗarka ina da ƙarfi, ba zan karɓi kwanon matarka ina da sanda ba. Ka riƙe ɗakin, ka zuba dawa a ciki."

"Inna, ina za ki?"

"Gidan 'yan sista na coci a gari, inda irina suke kaɗin auduga. An ce a can kowa da tukunyarta."

Madam ta ce ga mota, za ta kai ta har ƙofa. Nobila ya fassara.

"Ka ce mata ta riga ta ɗaga hannuna sau ɗaya, ya isa."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshi: zane biyu, tukunya, mazari. Ta ɗora a ka ta bi ta tsakiyar mutane, suna buɗe mata hanya fiye da yadda take bukata. Ba ta kai ƙarshen gonar gero ba ƙunshin ya zame. Ta sunkuya za ta ɗauka, ta kasa miƙewa, ta zauna a kan kunya. Kowa yana kallo daga gindin tsamiya. Da can matar nan daga daji take ɗauko itacen da namiji yake raba shi biyu.

Nobila ya shiga gida ya turo kekensa.

"Ba a raka su," in ji Yamba. "Ka sani. In ka wuce rijiyar nan da ita, kada ka dawo kana tambayata gonar ubanka."

Matarsa ta kira sunansa daga bakin zaure. Ya tura keken ya wuce.

Ya ɗaure ƙunshin a gaba. Pogbi ta dube shi daga ƙasa.

"Ka zo ka ƙwace tukunyar ne?"

"Hau, Inna."

"Ba na yi maka godiya."

"Ban tambaya ba."

Ya ɗaga ta ya zaunar a baya. Ba ta riƙe shi ba, ƙarfen sirdi ta kama. Suka wuce rijiya, mata suka tsaya da guga a hannu. Hanyar gari yashi ce da hawa, inda ko da buhu rabi sai mutum ya sauka ya tura. Nobila ya haye bai sauka ba. A saman tudun ya waiga ya duba ko tana nan.

"Dubi gabanka," ta ce.